Hoton da Neda Ta Nema

Shekara goma sha tara Lovre yana bin bayana a ƙarƙashin teku, amma da za a tsare ni a ce in faɗi launin rigar nutsonsa, sai na tsaya na yi tunani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin abokin da Allah ya haɗa shi da shi.

Sunana Dinko. Haƙoran roba nake haɗawa a wani ɗan ɗaki bayan kasuwar Shibenik, nan gaɓar Kuroshiya. Daga Litinin zuwa Juma'a ina duƙe a kan abin da bai wuce ƙwayar masara ba. Asabar da Lahadi kuma, wai don in huta, sai in goya tukunyar iska in shiga teku in duƙa a kan abin da bai ma kai ƙwayar masarar ba. Hoton ƙananan halittun ƙasan ruwa nake ɗauka, irin su dodon koɗi marar kwanso da 'yan jatan lande masu ɓuya cikin ciyawa. Hotunana sun haura dubu arba'in. Mahaifiyata, kafin ta rasu, ta taɓa daurewa ta kalli guda goma, sannan ta tambaye ni a hankali ko ciwon fata ne.

A harkar nutso ba a sauka mutum ɗaya. Kowa da abokinsa, kana duba shi yana duba ka, don in iskar ɗaya ta ƙare ko wani abu ya sarƙe shi, a sami mai kai masa hannu. Kuma duk mai nutso ya san babu abokin banza kamar mai kyamara. Da zarar ya ga abin ɗauka, shi ke nan, ko mutuwa kake yi a gefensa sai ya gama. A ƙungiyarmu mutum uku suka gwada ni suka gudu. Ta ƙarshensu Mirela ce, malamar lissafi mai baki kamar reza, wadda ta ce a gaban kowa gara a haɗa ta da buhun dankali, shi aƙalla inda ta ajiye shi nan za ta same shi. A ranar ne wani dogon mutum mai furfura a gefen kai, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga kai daga igiyar da yake naɗewa ya ce, "Ku ba ni shi."

Lovre direban bas ne, layin da ke bi ta asibiti, kuma ya girme ni da shekara goma sha biyu. A tsibirin Krapanj aka haife shi, inda maza ke nutso su ciro soso daga ƙasan teku tun kaka da kakanni. Babansa yana sauka da hular ƙarfe da tiyon iska, shi kuma da ya zama saurayi sai aka damƙa masa igiyar uban. Bazara shida yana zaune a bakin jirgi da igiya a tafin hannu kafin a yarda ya sauka da kansa. Ya ce mini mai riƙe igiya ba ya shan taba, ba ya hira, ko jirgin sarki ne ya zo wucewa ba ya waiwayawa. Da ƙafafun tsohon suka daina ɗaukarsa, sana'ar gidan ta mutu, Lovre ya bar tsibirin ya haye gari ya koyi tuƙi. Na taɓa tambayarsa ko bai ji zafin sauyin ba, sai ya ɗaga kafaɗa.

"Duk aiki ɗaya ne, Likita," in ji shi. "Mutane na shirmensu, kai kana kallonsu ta madubi."

Likita yake kira na, don tsokana, saboda ya san ko allura ban iya yi ba.

A ƙasa wurinsa ɗaya ne kullum: ɗan sama da ni, ta hagu, inda zai iya karanta agogon iskata ta kan kafaɗata. Ni da kaina ba na duba shi, na sakar masa wannan tun shekarar farko kamar yadda ake sakar wa mata makullin gida. Yana da wani tsohon cokali ɗaure a wuyan hannunsa. In ya ƙwanƙwasa tukunyarsa sau ɗaya, ya samo mini abin ɗauka ke nan. In sau uku ne, iskata ta yi ƙasa, in tattara in bi shi. Kusan duk wata halitta da na taɓa ɗauka shi ya gano ta, don ni idona ba ya ganin komai sai an nuna mini. Shekarar da wani hotona ya zo na biyu a gasar ƙungiyoyin gaɓa, na hau dandamali na yi jawabi na minti bakwai a kan haƙuri da kaifin ido. Lovre yana layin baya, ya fi kowa tafi.

A bazarar da ya cika sittin da huɗu kunnensa na dama ya fara mutuwa. Sai ka yi masa magana ya juyo maka da ɗaya gefen. Likitoci suka ce za su iya gyarawa, za su sa masa wani ɗan ƙarfe a can ciki, amma daga ranar ba shi ba nutso har abada. Aka sa ranar aiki wata Talata a ƙarshen Satumba. Shi bai gaya mini ba. Matarsa Neda ce ta shigo ɗakin aikina da jakar cefane, ta ture wani muƙamuƙin roba gefe, ta zauna a kan teburina.

"Dinko, ajiye haƙoran mutane ka saurare ni."

"Ina jin ki, Neda."

"Asabar da Lahadin nan su ne na ƙarshe. Ya ce kada in faɗa maka, wai za ka yi ta kallonsa kamar gawa. To na faɗa." Ta gyara zama. "Shekara talatin da takwas ina wanke masa rigar robar nan mai warin kifi, ina shanya ta a baranda. Ni ko iyo ban iya ba, ka sani. Ban taɓa ganin yadda yake a can ƙasa ba. Mirela ta ce in yana ruwa kamar ba shi ba, wai duk ƙusumbin bas ɗin nan yana miƙewa. Ina so in gani. Hoto ɗaya, shi gaba ɗayansa, daga kai har ƙafa."

"Haba Neda, wannan ai ba sai kin roƙa ba."

"Sai na roƙa mana. Shekara goma sha tara, ka kawo mana hoton tsutsa har a kalanda. Mijina nake so, ba tsutsa ba."

Na dafa ƙirji na yi mata alkawari. Har ƙwalla na ji ta taru mini, kuma na ji daɗin kaina sosai da na ga ni mutum ne mai irin wannan zuciya.

Dole in bayyana abu ɗaya a nan, don a kansa komai ya rataya. Kyamara ba ta shiga ruwa tsirara, a cikin akwati mai hana ruwa ake kulle ta. Kafin a kulle kuwa sai mutum ya zaɓi gilashin da zai ɗaura mata. Akwai gilashin faɗi, mai ɗauko mutum da dutse da duk abin da ke kewaye. Akwai gilashin kusa mai dogon hanci, mai mai da ƙwayar shinkafa ta cika hoto, amma in ka nuna shi ga mutum, maɓallin rigarsa kawai za ka samu. Abin da ka kulle da shi a ɗaki, da shi za ka sauka, don ba a buɗe akwatin a cikin jirgi inda gishiri da feshin ruwa suke ko'ina. Ina da gilashin faɗi. Na saye shi shekara takwas da suka wuce, na yi amfani da shi sau biyu.

Da hantsin Asabar muka isa tsibirin Kaprije mu shida a jirgin Barba Roko, tsohon masunci da ke kai mu wuraren nutso, muka sauke kaya a gidan ƙanwarsa. Ina cikin fito da gilashin faɗi daga jaka sai na ji Barba Roko ta taga yana ba Mirela labari. Wai a makon jiya wasu baƙi da ya kai bayan tsibirin sun ga dokin teku a cikin ciyawa. Dokin teku ɗan kifi ne da bai wuce tsawon yatsa ba, mai kai irin na doki, yana naɗe wutsiya a jikin ciyawa ya tsaya a tsaye. Tun da na fara riƙe kyamara nake nemansa ban taɓa sa shi a ido ba.

Sai na zauna a bakin gado na yi lissafi irin na mai hankali. Nutso huɗu ne a gabanmu, biyu yau, biyu gobe. Hoton mutum ai minti biyar ne, mutum ba ya gudu, ba ya ɓuya. Yau doki, gobe Lovre. Na mai da gilashin faɗi cikin jaka.

Ranar ba mu ga doki ba. Nutso biyu ina rarrafe cikin ciyawa kamar mai neman ɗan kunne, Lovre yana samana. Da la'asar aka gasa kifi a tsakar gida, aka kawo dankali da ganye da man zaitun, Barba Roko ya fito da ruwan inabin gonarsa wanda ke iya cire tsatsa. Kowa ya san zancen kunnen, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba, sai surutu ya yi yawa. Mirela ta matso kusa da ni da farantinta.

"Malam mai tsutsa, na ga dogon hanci a akwatinka yau. Ina fata dai ka san abin da kake yi."

"Gobe ne nasa. Na tsara komai."

"Kai da tsari? Allah ya sa."

Da safiyar Lahadi na tashi da niyya mai kyau, wallahi da niyya mai kyau na tashi. Na ɗauko gilashin faɗi na goge shi. Sai wata murya a cikina, mai ladabi ƙwarai, ta ce ai har yanzu nutso biyu ne. Na safe doki, mu dawo cin abinci, a sauya gilashi, na yamma kuma Lovre, lokacin ma hasken ya fi kyau, kuma nutson ƙarshe ai shi ya fi dacewa da hoton ƙarshe. Har na yaba wa kaina da wannan tunani. Na ɗora gilashin faɗi a kan tebur kusa da hoton Maryamu na matar gidan, na fita.

Mun yi tafiyar minti arba'in a ruwa lokacin da Barba Roko ya rage wuta, ya ɗaga hanci sama yana kallon wani siririn gajimare ta kudu.

"Yara, ɗaya za ku yi yau. Iskar kudu na tafe, kafin tsakar rana tekun nan ba zai shigu ba."

"Barba, mu koma gida mana minti kaɗan, na yi mantuwa," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya.

"In mun koma mun koma ke nan, ɗana. Me ka manta? Wandonka?"

Aka yi dariya. Mirela ba ta yi ba. Ta kalli akwatin da ke tsakanin ƙafafuna, ta kalle ni, ta juya baya ta ci gaba da ɗaura bel ɗin dalmarta.

Al'adarmu ni nake fara faɗawa ruwa, sannan Lovre ya miƙo mini kyamara daga jirgi kafin ya biyo ni. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana miƙa wannan akwati ba sai an gaya masa wane gilashi ke ciki ba. Ya ɗaga shi, ya dubi dogon hancin, ya riƙe shi ɗan lokaci fiye da yadda ya saba. A nan na gane Neda ta gaya masa zancen hoton, don ya yi aski, har gashin bakinsa ya daidaita, abin da ba ya yi sai za shi biki. Ya sunkuyo ya sa mini akwatin a hannu.

"Riƙe da kyau, Likita," ya ce.

Mun sauka mita goma sha takwas, inda ciyawa ta ƙare farin yashi ya fara. Na yi masa alama da hannu ya tsaya can. Na san aikin banza ne, amma kunya ta hana ni rashin gwadawa. Ya je ya tsaya a tsakiyar ruwa, ba ya taɓa ƙasa, ba ya motsa hannu, ya harɗe su a ƙirji. A karo na farko na kalli mutumin nan sosai. Gaskiyar Mirela ce. A tudu Lovre tsoho ne mai ranƙwafaffen baya da ke tafiya kamar ƙafafunsa na ciwo. A nan kuwa miƙe yake sambal, numfashinsa kaɗai ke ɗaga shi ya sauke shi kaɗan kaɗan, kumfa na tashi daga bakinsa a jere, rana na saukowa ta bayansa. Rigar tasa shuɗiya ce mai ratsin toka, da faci a gwiwar hagu.

Na kai ido ga kyamara, na ga ƙarfen bel. Na ja da baya, na ga bel da rabin ciki. Na yi ta ja da baya har na ba shi tazarar tsawon bas ɗinsa, sannan ya shiga hoton gaba ɗaya, amma daga can hasken fitilata ba ya kai masa, ruwan da ke tsakaninmu kuma ya cinye shi. Abin da ya fito wata inuwa ce mai duhu, ko mutum ko buhu. Na danna sau ashirin duk da haka, fitila na walƙawa, shi kuma yana tsaye yana ba ni lokaci kamar bai san komai ba.

Da ya ga abin ya isa, sai ya sauke hannu ya yi gaba a kan ciyawar, a hankali, kansa ƙasa. Ba a yi minti biyar ba na ji ƙwas, cokali sau ɗaya.

Dokin yana nan naɗe a jikin wani ganye, ruwan ɗorawa, da 'yan ƙayoyi a ka, yana lilo da motsin ruwa. Zan so in ce muku na kau da kai. Zan so in ce na tuna Neda, na juya na ƙare sauran iskata ina neman dabarar da zan ɗauki abokina, ko gunduwa gunduwa ne in zo in haɗa. Dabarar ma sai bayan kwana biyu ta zo mini, ina tsaye a layin burodi. Abin da na yi shi ne na kwanta rub da ciki a kan yashi na ɗauki dokin nan sau tamanin da shida. Na manta da kunne, na manta da Talata. Daɗi na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban dawo hayyacina ba sai da cokali ya yi ƙara sau uku.

Kafin a fito sama akan tsaya minti uku a mita biyar, a riƙe igiyar jirgi, don jiki ya huce. Nan muka rataye fuska da fuska, igiya na fizgar mu saboda teku ya fara tashi. Ba abin yi, ba wurin kallo sai shi. Minti ukun ƙarshe ke nan na abin da ya fara tun yana saurayi, kuma maimakon ya kalli teku, agogon iskata yake kallo. Na ɗaga kyamara na matsa har hancinta ya kusa taɓa tabaransa na nutso, na ɗauki abin da gilashin zai iya ɗauka, wato idonsa na hagu. Ya fito tsaf, har jijiyoyin ciki ana gani, da tattarar fatar gefe, da ɗan ruwan da ya taru a ƙasan tabarau.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi mini magana sai Barba Roko, da ya tambaya ko na sami dokin. Na ce na samu. Ya ce to madalla, ai tafiya ta yi kyau.

Aikin kunne ya yi nasara. Bayan mako guda na wanke hoton idon, babba, na sa shi a firam mai tsada, na hau benensu. A kan matakala na shirya jawabi: cewa ido shi ne mutum, cewa wannan ya fi hoton jiki zurfin ma'ana. Har na fara yarda da kaina kafin in kai hawa na uku. Lovre yana kan kujera da auduga a kunne. Neda ta goge hannu a jikin rigar girkinta, ta karɓi firam ɗin, ta kai shi bakin taga. Ta daɗe tana kallo. Na buɗe baki zan fara jawabin.

"Wannan idon na san shi, Dinko," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kullum da safe shi nake fara gani. Wanda ban sani ba na aike ka ka kawo mini."

Na tsaya tsakiyar falo da hula a hannu, mutum mai shekara hamsin da biyu, na rasa inda zan sa idona.

"Ƙyale shi, Neda," in ji Lovre. Ya juyo mini da kunnen mai lafiya. "Likita, dokin fa? Ya fito?"

"Ya fito."

"Da kyau?"

"Da kyau ƙwarai," na ce, kuma abin takaicin shi ne gaskiya na faɗa.

"To ka wanko mini shi babba. Shekara nawa muna nemansa."

Na wanko masa. Yana rataye a falonsu a saman talabijin, duk baƙon da ya shigo sai Lovre ya kai shi gabansa ya ce abokinsa ne ya ɗauka. Hoton idon ban san inda Neda ta ajiye shi ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Ina zuwa gidan duk ranar Alhamis da yamma, mu yi karta ni da shi. Tana gaishe ni, tana kawo mini kofi da sukari cokali biyu yadda nake so, amma tun daga ranar ba ta sake zama da mu ba.